Sa'a Ɗaya a Gaban Likita, Saura Duk a Gida

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan'uwanmu likitoci ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)



Ranka ya daɗe Shugaban taro, iyayenmu malamai da suka tako duk da nauyin shekaru domin su ga abin da suka shuka, shugabannin wannan ƙungiya tamu, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai manya da ƙanana, ina yi mana barka da sake saduwa. Allah Ya jiƙan waɗanda muka zauna da su a wannan zaure bara, bana kuwa sai sunayensu a shafin ta'aziyya na mujallarmu.

Kwamitin shirye-shirye ya aiko mini da takarda ya ce in yi magana a kan lafiya, ya kuma yanka mini rabin sa'a. To, lafiya kogi ce, rabin sa'a ba ta isa a haye ta, saboda haka ƙwarya ɗaya kawai na ɗebo. Duk mai duba rahoton ma'ajinmu zai lura da wani canji. A da, yawancin gudummawar da muke tarawa ta aure ce da ta suna. Yanzu kuwa ta koma ta asibiti: wane yana wankin ƙoda, wane ɓarin jikinsa ya shanye, wane an yanke masa ƙafa. In ka bi sawun waɗannan, sau da yawa za ka tarar daga gida biyu suka fito, watau hawan jini da ciwon sukari. A kansu zan fi tsayawa, ko da yake maganar ta shafi mai asma da mai sikila da mai ciwon gaɓoɓi da mai farfaɗiya, da duk wanda ciwo ya tare a jikinsa.

Zazzaɓin cizon sauro baƙo ne. Ya zo, a sha magani kwana uku, ya kama gabansa. Hawan jini da sukari kuwa in sun shigo sun shigo ke nan, sai dai a koyi zama da su. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya ce mutum ɗaya cikin kowane baligai uku a duniya yana da hawan jini, kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba, kuma huɗu cikin biyar ba a shawo kan nasu yadda ya kamata ba. Ku dubi layin kujerun da kuke zaune a kai ku yi lissafi da kanku.

Ga wani lissafin kuma, mai sauƙi, wanda ko mu 'yan bayan aji za mu iya. A shekara akwai sa'a 8,760. Mai ciwon sukari da ke zuwa asibiti sau huɗu a shekara, in kowane zuwa ya sami minti goma sha biyar a gaban likita, sa'a ɗaya ke nan cif. Sauran 8,759 yana gida, ko ofis, ko kasuwa, ko gidan biki, shi da cokalinsa da ƙwayoyinsa. A cikin waɗannan sa'o'i ne ake yanke hukuncin ko ƙodarsa za ta kai shi shekara saba'in. Mu likitoci muna rubuta takarda ne kawai. Tun a 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a ƙasashe masu arziki ma, kimanin rabin masu irin waɗannan cututtuka ne kaɗai ke shan magani yadda aka rubuta musu, a ƙasashe irin namu kuwa abin bai kai haka ba.

Kuma maganin yana aiki, kada wani ya yi shakka. Wani babban bincike da aka yi a Birtaniya, aka buga sakamakonsa a 1998, ya nuna cewa masu ciwon sukari da aka matsa wa hawan jininsu ya sauka sosai, shanyewar ɓarin jiki ta ragu a cikinsu da kashi 44 cikin 100, mutuwa ta dalilin sukari kuwa da kashi 32. A Amurka, a 2002, an nuna cewa mutanen da ke bakin kamuwa da sukari, in suka rage ƙiba kaɗan suka riƙa motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu yana raguwa da kashi 58 cikin 100, alhali ƙwayar metformin da aka gwada tare da su kashi 31 ta rage. To in hanya a bayyane take haka, me ya sa ba a bi?

Amsar da muka saba bayarwa ita ce jahilci. Ni dai bayan shekarun da na yi ina duba marasa lafiya, wannan amsa ba ta ƙara gamsar da ni. A wannan zaure akwai alƙalai da injiniyoyi da manyan sakatarori, akwai ma likitoci, waɗanda za su iya karanta maka illar gishiri da ka, amma kwalin maganinsu yana cikin aljihun mota tun watan jiya ba a buɗe ba. Na kuma san wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli wadda ba ta taɓa shiga aji ba, shekara goma sha ɗaya tana yi wa kanta allurar insulin safe da yamma ba fashi. Ashe akwai wani abu tsakanin sani da aikatawa.

Wanda ya fi kowa bin diddigin wannan abu wani masanin halayyar ɗan'adam ne mai suna Albert Bandura, haifaffen Kanada, wanda ya yi aikinsa a Jami'ar Stanford ta Amurka har ya rasu a 2021. Za ku yi dariya in na ce muku da maciji ya fara. Ya tara mutanen da tsoron maciji ya hana su sakat, waɗanda ko hotonsa ba sa iya kallo. Bai yi musu lacca a kan cewa wannan maciji ba shi da dafi ba, don sun riga sun sani. Sai ya bi da su mataki-mataki: su leƙa ta bayan gilashi, su ga wani yana riƙe da shi, su matso bakin ƙofa, su taɓa da safar hannu, har a ƙarshe su ɗauke shi da hannunsu. Cikin 'yan sa'o'i mutanen da suka shekara ashirin suna gudu suka riƙe maciji. A 1977 ya rubuta bayanin abin da ya gano. Ya ce tambaya biyu ce a zuciyar mutum kafin ya kama kowane aiki mai wuya. Ta farko, wannan abu in an yi shi yana da amfani? Ta biyu, ni ɗin nan zan iya yin sa? Ya ce ta biyun ita ke yanke ko mutum zai fara, da irin ƙoƙarin da zai sa, da kuma ko zai dage in ya ci karo da cikas. Ni na kira wannan abu yarda da iyawar kai.

Kada a ɗauke ta a matsayin cika baki ko girman kai. Ita a kan aiki ɗaya takamaimai take tsayawa. Mutum yana iya zama zaki a kotu, ya tsaya gaban kowa ya yi magana, amma a ce ya soka wa kansa allura a ciki sai gumi ya karyo masa. Wani kuma yana iya tashi Asuba shekara arba'in ba makara, amma ya gaskata a ransa cewa shi ba zai taɓa iya shan shayi ba sukari ba. In ya gaskata haka, to ko gwadawa ba zai yi ba, in ma ya gwada ya kasa sau ɗaya sai ya ce, ai dama na faɗa.

Daga ina wannan yarda take zuwa? Bandura ya ce mafi ƙarfin tushenta shi ne mutum ya taɓa yin abin da hannunsa ya ga ya yiwu. A nan ina neman iyayenmu malamai su shaide ni, domin sun san wannan tun kafin mu ji sunan Bandura. Malamin lissafi nagari ba ya fara wa yaron da ya tsorata da tambayar jarrabawar ƙarshe. Yakan ba shi wadda zai iya, yaro ya ci, ya ga jan biro ya yi masa alamar daidai, sa'an nan a ƙara masa mai ɗan wuya. Haka aka yi mana a gudun daji: zagaye ɗaya na fili a makon farko, kafin ƙarshen zango muna kai wa bakin rafi mu dawo. Mu kuwa a asibiti me muke yi? Mutum ya zo ranar farko, an gaya masa yana da sukari, kansa yana juyawa, sai mu zuba masa dokoki goma a minti biyar: bar sukari, bar shinkafa, bar tuwo, bar nama mai kitse, rage ƙiba, yi gudu, sha wannan sau uku, dawo bayan wata. Ya fita yana jin an ɗora masa dutsen Dala. Wanda aka ba dokoki goma ya karya ɗaya, gani yake duka ya karya.

Bayan wannan sai ganin wani irinka ya yi. In likita siriri mai shekara talatin ya ce maka rage tuwo, a ranka za ka ce yaro bai san daɗin miyar kuka ba. Amma in abokinka ne da kuka kwana ɗaki ɗaya a makaranta, wanda ka san irin cin da yake yi a ɗakin cin abinci har ana ɓoye masa kwano, ka ga ya sauke tumbi yana hawa bene ba haki, dole zuciyarka ta ce, in wane ya iya, ni me zai hana? Kalmar ƙarfafawa daga bakin wanda ka amince da shi ita ma tana da nata tasiri, sai dai ba ta daɗewa in ba a bi ta da nasara ba. Akwai kuma yadda mutum ke fassara abin da jikinsa ke gaya masa. Wanda ya fara tafiyar motsa jiki ya ji zuciyarsa na bugawa, in ba a gaya masa tun farko cewa haka jiki ke yi ba, sai ya ce ciwon ne ya tashi, ya koma tabarma. Wanda ya fara maganin hawan jini ya ji jiri-jiri a makon farko, sai ya ce maganin bai karɓe shi ba.

Wata ma'aikaciyar jinya a jami'ar ta Stanford, Kate Lorig, wadda ita kanta take zaune da wata cuta ta gado, ita ta ɗauko wannan tunani ta kai shi ga marasa lafiya. Daga ƙarshen shekarun 1970 ta shirya wa masu ciwon gaɓoɓi wani ɗan kwas, daga baya aka faɗaɗa shi ga masu ciwon zuciya da huhu da sauransu. Ana haɗuwa sau ɗaya a mako, sa'a biyu da rabi, mako shida ko bakwai, kuma masu jagorantar zaman galibi su ma marasa lafiya ne da aka horar. A binciken da suka buga a 1999 a kan mutum 952, waɗanda suka yi kwas ɗin sun fi motsa jiki, sun rage jin kasala, sun kuma rage kwana a asibiti cikin wata shida. Ingila ta ɗauki tsarin a 2002. Gaskiya ita ce binciken da aka yi daga baya ya nuna amfanin matsakaici ne, ba abin al'ajabi ba, kuma ba ya maye gurbin magani. Amma akwai dabara ɗaya a cikinsa da nake so kowa ya tafi da ita gida yau.

A ƙarshen kowane zama, kowa zai faɗi abu ɗaya da zai yi a wannan mako: mene ne, nawa, yaushe, sau nawa. Ba a karɓar "zan riƙa motsa jiki". Sai dai "zan taka daga masallaci zuwa gidan mai in dawo, bayan sallar Asuba, Litinin da Laraba da Asabar". Sa'an nan a tambaye shi: daga sifiri zuwa goma, nawa ka tabbata za ka cika wannan? In ya ce bakwai ko sama, a bar shi. In ya ce biyar, ba a yi masa faɗa, sai a rage aikin har ya kai bakwai. Kwana uku sun yi yawa? To biyu. Mako mai zuwa ya dawo ya ba 'yan'uwansa labari. Na gwada wannan da marasa lafiyata, na kuma ga mutumin da ya fara da rage cokali ɗaya cikin cokula huɗu na sukarin shayinsa. Abin dariya ne a ido. Bayan wata biyar shayinsa ba sukari, kuma shi da kansa ya zo yana tambayata me za mu kama na gaba.

To amma, 'yan'uwa, da zan tsaya nan da na yi muku rabin gaskiya. Wannan tunani an haife shi ne a ƙasar da mutum ke buɗe firij ɗinsa ya dafa abin da ya ga dama shi kaɗai. Mu kuwa wa ke cin abinci shi kaɗai? Yardar mutum da iyawarsa a gidajenmu tana rataye ne da tukunya da aljihu da bakin mutane.

Mu fara da tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da baligi zai ci a yini ya kai giram 5, watau bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Dunƙulen magi kuwa kusan rabin nauyinsa ko fiye gishiri ne, kuma kun san guda nawa ake jefawa a miya ɗaya. Maigida ya je asibiti shi kaɗai, an yi masa bayani shi kaɗai, ya dawo bai gaya wa kowa ba, alhali ludayin yana hannun wadda ba ta ji bayanin ba. In gidan mata biyu ne ko uku, abin ya ƙara wuya, domin kowace tana so ranar girkinta a lashe kwano, kuma wadda ta rage magi tana tsoron a ce hannunta ba daɗi. Wannan ba laifinsu ba ne. Shi ya sa nakan ce wa majiyyaci, zuwa na gaba ka taho da mai girki, in su biyu ne ka taho da su duka. Wani gidan kuma sai a ware wa mai ciwo ɗan kwanonsa na dafaffen wake ko acca kullum, kowa na cin shinkafa da miya yana kallo kamar wanda ake hukuntawa. Ba a yin wata uku sai ya yi tawaye. Kuma bari in gyara wani kuskure da ya yaɗu: acca da alkama su ma suna komawa sukari a jini, tuwon alkama malmala uku ba magani ba ne. Abin da ya fi muhimmanci shi ne yawa. Malmala ɗaya a maimakon biyu, a cika gurbin da zogale ko rama ko kuɓewa, a rage gishiri a tukunyar gida gaba ɗaya a hankali har harshen kowa ya saba, a maida daddawa da tafarnuwa da citta su riƙe ɗanɗano. Yaran gidan ma sun ci riba, domin ciwon yana bin jini.

Akwai taimako kuma da ke kashe gwiwa. Wata masaniya ta tattara bincike 122 a 2004, ta tarar cewa cikin duk nau'o'in goyon bayan da iyali ke bayarwa, taimako na aiki shi ya fi alaƙa da dagewa a kan magani: a raka ka asibiti, a karɓo maka magani, a dafa abin da ya dace. Gori da tsaro kuwa, daga abin da na gani, kishiyar haka suke haifarwa. "Ka sha maganinka? Me kake ci a nan? Za ka kashe kanka ka bar mu!" Dattijon da aka mayar yaro a gidansa, a gaban 'ya'yansa, zai sayi tsirensa da lemon kwalba ya shanye a mota kafin ya shigo. Saƙon da yake ji kullum shi ne, kai ba za ka iya ba sai an tsare ka.

Sai aljihu. A Nijeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye. Bayan faɗuwar darajar naira a 2023 farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabi, na ga 'yan fansho suna raba ƙwaya biyu, ko su sha yau su tsallake gobe, ko su sayi na kwana goma su jira wata ya mutu. Mutumin da ke zaɓe tsakanin insulin da kuɗin makarantar 'yarsa, in ka ce masa ya yarda da kansa ka zage shi. Ina jin tsoron ranar da za mu mayar da wannan kyakkyawan tunani sandar dukan talaka, mu ce wane bai warke ba don ba shi da himma. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, jihohi da yawa kuma suna da hukumominsu na taimakekeniyar lafiya. Nawa ne a cikinmu da suka bar aiki suka bincika ko katinsu yana nan da rai? Kuma kada a ji kunyar ce wa likita, wannan ya fi ƙarfina. Yawancin magungunan hawan jini na farko tsofaffi ne masu araha, kuma mai araha da za ka sha kullum ya fi mai tsada da za ka sha rabin wata.

Bakin mutane kuwa, ai kun fi ni sani. In ka rame don ka gyara cinka, a majalisa sai a fara raɗa, ko wane lafiya? Ko kasuwa ce ta karye? In ka je ɗaurin aure ka ture lemo da alkaki, a ce ka raina masu gida. Wani ya ce maka maganin Bature in ka fara ba ka dainawa, kamar maganin ne ya kawo ciwon. Mai lasifika a tasha yana rantsuwa garinsa na raba mutum da sukari cikin mako biyu, saƙonnin WhatsApp kuma kullum da sabon ganye. Ni ban raina itatuwanmu ba, metformin ɗin ma asalinta daga wani tsiro aka gano hanyarta. Amma duk wanda ya ce ka ajiye ƙwayarka ka kama nasa, ka tambaye shi ko zai biya kuɗin wankin ƙoda. Akwai kuma abin da maza ba sa faɗa sai an rufe ƙofa, watau tsoron cewa magani zai taɓa harkar iyali. Wasu magungunan suna iya yin haka, kuma ana canja su. Sai dai sukari da hawan jinin da aka bari ba magani sun fi kowace ƙwaya lalata wannan fanni, domin jijiyoyin jini suke ci. A gaya wa likita, kada a daina a ɓoye.

Ban manta da iyayen gidajenmu ba. In maigida ya kamu, gida duka yakan juya dominsa. In uwargida ce ta kamu fa? Ita ce mai dafa wa kowa, ita ce mai jinyar kowa, nata maganin shi ne na ƙarshe a lissafin wata. A ina za ta yi tafiyar minti talatin ba a bi ta da ido ba? Wa zai riƙe mata gida ranar asibiti? Kowannenmu ya tambayi kansa yaushe rabon da a auna jinin matarsa in ba lokacin awon ciki ba.

Azumi ma yana buƙatar kalma. Wani bincike da aka yi a ƙasashe 13 a kan azumin 2001 ya nuna kashi 79 cikin 100 na masu sukarin manya sun yi azumi aƙalla kwana 15, kuma faɗuwar sukari mai tsanani ta ninka a cikinsu fiye da sau bakwai. Hukunci na malamai ne, ba nawa ba. Nawa shi ne in ce a zo wurin likita wata ɗaya ko biyu kafin Ramadan a gyara lokutan magani, a riƙa auna sukari da rana, kuma ƙa'idar da likitoci suka tsara tare da malamai ita ce in awo ya sauka ƙasa da 70, ko ya haura 300, a sha ruwa. Wanda ya san lambobinsa yana shiga watan da natsuwa. Wanda kunyar jama'a ta sa ya dage yana rawar jiki da La'asar, shi muke karɓa a ɗakin gaggawa.

To mu a ƙungiyance me za mu iya? Misali biyu suka ja hankalina. A Yawunde ta Kamaru, maƙwabtanmu, an horar da masu ciwon sukari da suka iya riƙe nasu, aka haɗa su da waɗanda nasu ya gagara, suna taro suna ziyartar juna suna buga waya har wata shida. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna sukarin waɗanda aka haɗa da abokai ya sauka fiye da na waɗanda aka bari da asibiti kaɗai. A Los Anjalis kuma, a 2018, an kai awon hawan jini shagunan aski 52 na baƙaƙen fata, inda masu aski ke ƙarfafa abokan cinikinsu, masana harhaɗa magani kuma suna zuwa shagon su ba da magani. Cikin wata shida lambar sama ta awon jininsu ta sauka da 27, ta ɗaya rukunin da aka ba shawara kawai kuwa da 9. Mutanen nan sun ƙi zuwa asibiti, amma sun yarda da mai askinsu. Mu muna da abin da ya fi shagon aski, muna da mutanen da suka san juna tun ana sa gajeren wando.

Saboda haka, ranka ya daɗe Shugaba, ina gabatar da roƙo uku ga majalisar zartarwa, a duba su a zamanta na gaba. Kowane reshe ya sayi na'urar awon jini ta dantse guda ɗaya, ta riƙa zuwa taron wata-wata, a sami littafi a riƙa rubutawa. Duk ɗan'uwan da ya yarda a san yana da ciwo, a haɗa shi da wani ɗan ajinsu mai irin nasa, su riƙa waya sau ɗaya a mako, kowa ya faɗi ƙaramin abin da ya ɗauka da lambar da ya ba kansa cikin goma, ba wa'azi ba gori. Sa'an nan a ware wani kaso na asusun jin daɗi domin sayen maganin wata-wata ga 'yan fanshonmu da malamanmu da abin ya fi ƙarfinsu, a asirce, ta hannun mutum biyu kawai. Kuɗin da muke tarawa na wankin ƙodar mutum ɗaya a wata guda zai riƙe mutane da yawa a kan ƙwayar hawan jini shekara guda. Ni da sauran likitoci da ma'aikatan jinya na wannan ƙungiya mun yi magana jiya da dare, mun yarda za mu horar da mutum biyu daga kowane reshe kyauta.

A bayan zaure, kusa da ƙofar fita, akwai tebur uku da na'urori. Iyayenmu malamai za a fara aunawa, sai 'yan ajin farko, a bi shekara-shekara kamar layin ɗakin cin abinci, kuma wannan karon firifet ba zai tsallake layi ba. Kowa ya zauna minti biyar ya huta kafin a ɗaura masa, ban da hira lokacin awo. Wanda ya ga 140 bisa 90 ko sama kada ya firgita, awo ɗaya ba ya yanke hukunci, a sake a wata rana dabam a asibiti mafi kusa. Wanda nasa ya kai 180 bisa 110 kuwa, ina roƙonsa kada ya shiga mota sai ya gan ni, ina nan har a tashi.